Tukuicin Zakara a Tudun Gawo

Abubuwa da yawa na zamanin aikina sun shige mini duhu yanzu, amma ban taɓa mantawa da ranar da wani Bature ya ƙi karɓar zakara a Tudun Gawo ba. Ku da kuke aikin gona a yau, in na faɗi haka sai ku yi dariya. Ni ranar ban ga abin dariya ba, domin irin shukar ƙauye guda ne ya rataya a wuyan zakaran nan.

A bazarar 1974 ne, bayan farin da ya cinye daminar da ta gabata. Lokacin babu Jigawa, muna ƙarƙashin Jihar Kano. Ni malamin gona ne mai ƙaramin muƙami, ofishinmu yana Birnin Kudu, an ba ni babur da wasu ƙauyuka na ƙasar Gwaram. Aikin malamin gona shi ne ya zaga ya ga halin da manoma ke ciki, ya koya musu sa takin zamani da maganin iri, ya kai wa na sama rahoto. A shekarar nan kuwa babu abin koyarwa. Mutumin da ya wuni da dusa da busasshiyar rama ba ya sauraron wa'azin taki.

Cikin ƙauyukan da aka ba ni akwai Tudun Gawo, wanda ke daf da babban titi. Dagacinsu, Baba Haruna, tsoho ne siriri mai ƙarancin magana. Tun da ya ga kaka ta zo a lalace ya yi wata dabara. Ya sa kowane magidanci ya kawo zangarniyar gero da ta dawa da ya ware don iri, aka tara a rumbu guda a ƙofar gidansa, aka yaɓe bakin da laka. Aka yi alkawari ba za a fasa ba sai ruwan shuka ya sauka. Wanda bai san noma ba zai ce ai hatsi hatsi ne, in an cinye a sayo wani. Ba haka ba ne. Irin nan ya saba da ƙasar wurin tun kaka da kakanni, yana nuna da wuri ko da ruwa ya ɗauke. Abin da ake samu a kasuwa a lokacin gauraye ne daga wurare masu nisa, in ka shuka shi sai ya yi ta kara, bai fid da kai ba damina ta tafi. In suka ci abin da ke rumbun nan, sun sayi yunwar shekara ta biyu ke nan.

Da bazara ta tsananta, duk lokacin da na je sai in tarar da magidanta zaune a inuwar rumbun. Mata sun fara fasa gidan tururuwa suna tsintar ƙwayar da ta tara. A ƙarshe dattawa suka tsare dagaci, suka ce in hatsin gwamnati bai iso ba zuwa Juma'a, da an sauko daga masallaci za a fasa rumbu. Bai iya musa musu ba, don shi ma akwai jikoki a gidansa.

Hatsin gwamnati kuwa ba ƙarya ba ne. An saya, an fara rabawa a manyan garuruwa, rabon wannan yanki kuma kullum aka tambaya sai a ce yana hanya. Na ji "yana hanya" har na tsani kalmar.

Abin da ya fi cin rai shi ne akwai wani hatsin da muke gani da idonmu a kan hanyar. Ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suna sauke jar dawa a tashar jirgin ruwa, a kawo ta Kano, a loda wa manyan motoci su bi ta Birnin Kudu zuwa Maiduguri, su ƙetara Chadi. Ratsawa kawai suke yi. Gwamnatinmu ba ta nemi agajin kowa ba, ta ce tana da arzikin man fetur, za ta ciyar da mutanenta da kanta. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, kuma manya sun fito daga yaƙin da ɗacin masu agaji na waje a bakinsu. Saboda haka mutanen Tudun Gawo suna zaune a bakin titi, abinci na wuce su da gudu.

Ana cikin haka, a farkon makon da aka yanke wa rumbu wa'adi, ɗaya daga cikin motocin nan ta faɗa wani rami kusa da ƙauyen. Ƙarfen ƙafar baya ya karye, ta karkace, tampol ya yage, buhuna kaɗan suka fashe. Washegari Baturen da ke kula da kayan ya iso daga Kano. Dogo ne, rana ta gasa shi ya yi jawur, ba ya jin Hausa ko ta gaisuwa. Da yake ina ɗan jin Turanci kuma yankina ne, aka ce in zama tafintansa.

Ya duba mota, ya duba gabas inda hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa, ya kuma duba matan da ke tankaɗe yashi suna tsintar dawar da ta zube. Ya ce mini ƙarfen sai an aiko da shi daga Legas, kafin nan ruwa ya jiƙa kayan sun ruɓe. Yana da ikon ya bayar da kayan da za su lalace. Ya ce a kira mutanen gari su kwashe.

Na ce masa ba a nan take ba. Sai da izinin babban jami'in mulki na yankin, wanda har lokacin Di'o muke ce masa. Muka tafi Birnin Kudu tare. Ina murna a hanya, a zatona rumbu ya tsira.

Di'o ya saurari Baturen da ladabi, ya gode masa, ya ce a'a. Da Baturen ya fita waje yana huci, na tsaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, hatsin nan ruɓewa zai yi a bakin titi mutane na kallo. Ranar Juma'a kuma za su ci irinsu."

Ya ce, "Malam Isiyaku, zauna." Na zauna. Ya ce, "Kana tsammani ban san yunwa ba? Uwata a ƙauye take. Amma umarnin da ke hannuna bai da harshen damo: ƙasar nan ba ta nemi agaji daga waje ba, babu jami'in da zai karɓa da sunanta. Kuma kada ka ɗauka girman kai ne kawai. Na yi aiki a kudu lokacin yaƙi. Na ga yadda buhu ke shigowa, mai hoto na biye da shi, bayan mai hoto sai mai ba da umarni. Jiya-jiya muka karɓi ƙasar nan daga hannun Turawa. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to yaran fa?"

Ya ɗauki wayar tarho ya nemi Kano a gabana, aka ce masa yana hanya.

Na fito raina a ɓace. Ban iya cewa ƙarya yake yi ba, ban kuma iya cewa gaskiyarsa za ta shiga cikin kowa ba. Ga shi ni ma'aikacin gwamnati ne, in na sa hannu aka kwashe kayan ba izini, aikina ya tafi, wataƙila har da ɗauri, don kayan suna ƙarƙashin hatimin kwastan.

Muka koma Tudun Gawo. Baturen ya ƙi tafiya, ya kafa ɗan tantinsa a gindin gawo kusa da motar. Ya ce mini shi ba ruwansa da Di'o, zai yi magana da dagaci kai tsaye, in ya ce yana so shi ke nan. Ban hana shi ba, ban kuma ƙarfafa shi ba.

Kafin mu je, sai ga dagaci ya zo da kansa tare da dattawa. Mutum ya kwana a ƙasarka, ya zama baƙonka, ko mota ce ta yar da shi. Bayansu akwai wata tsohuwa, Inna Kande, yayar dagacin, rungume da jan zakara an ɗaure masa ƙafafu. Na san zakaran. Shi kaɗai ya rage a ƙauyen, an sayar da sauran kaji ko an yanka. Aka gaisa, dagaci ya ce, "Malam, gaya masa ga ɗan abin miya. Ya yi haƙuri, shekarar ce ta zo da haka."

Na fassara. Baturen ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi. Ya ɗaga hannu biyu ya ce ba zai karɓa ba. Ya ce dokar ƙungiyarsu ta hana karɓar kyauta daga waɗanda ake taimaka wa, kuma ko babu doka, yaya zai ci kazar mutanen da ke tsintar dawa a yashi? Ya ce a mayar a yanka wa yara. Da zuciya ɗaya ya faɗa, na ga idonsa ya kawo ruwa.

Na yi ƙoƙarin rufe maganar, na ce ya gode ƙwarai, sai dai ba ya jin daɗin jikinsa. Amma hannun da aka ɗaga ba ya bukatar tafinta. Inna Kande ta gyara riƙon zakaranta. Baturen kuwa bai lura ba, ya zarce da zancen hatsi: a gaya wa dagaci ga abinci nan, ya ce yana so kawai.

Baba Haruna ya ce, "Malam, gaya masa mun gode. Alhamdu lillahi, muna cikin rufin asiri. Wanda bai ci namu ba, ba mu san yadda za mu ci nasa ba." Ya juya, dattawa suka bi shi.

Baturen ya tambaye ni me ya faru. Na ce, "Ka mai da su almajiranka a gaban iyalinsu." Bai gane ba. Ni kuma a lokacin haushi bai bar ni na yi bayani ba.

Ranar Alhamis hadari ya haɗu sosai, iska ta taso, aka yi yayyafi ya ɗauke. Na ga wani magidanci ya jingina gatari a jikin rumbu ya tafi, wai mantawa ya yi. Ƙofa biyu ce, ta gwamnati da ta dagaci, duka sun rufe, ga dawa tana shan danshi a tsakiya. Na hau babur na koma wurin Di'o, ba don ina sa ran komai ba, sai don in sauke abin da ke cikina. Na ba shi labarin zakara daga farko har ƙarshe, na ƙare da cewa, "Ranka ya daɗe, ku da Baba Haruna uwarku ɗaya ubanku ɗaya."

Da na faɗa sai na tsorata da bakina. Shi kuwa murmushi ya yi, na farko da na gani a makon. Can ya ce, "Wa ya riƙo zakaran?"

Na ce, "Yayar dagaci."

Ya ce, "Malam Isiyaku, in an kai wa mutum kyauta ya karɓa, me yake ba wanda ya kawo?"

Na ce, "Tukuici."

Ya ce, "An hana ni karɓar agaji. Na duba takardun ofishin nan kaf, ban ga inda aka hana baƙo ba da tukuici ba. Abin da ke tsakanin baƙo da mai masaukinsa, gwamnati ba ta shiga. Zancen kwastan ka bar mini, kayan da suka lalace a hanya suna da tasu ƙa'ida." Na miƙe zumbur. Ya ce, "Tsaya. Sai ya karɓa, ya ci a gabansu. Ba hoto ko ɗaya. Kai kuma kada hannunka ya taɓa akushin da za a kai masa naman. Tukuici na wanda ya ɗauko ne. In kai ka ɗauko, gwamnati ce ta karɓa, ni da kai mun shiga uku."

Shawo kan Baturen ya fi komai wuya. Na zauna da shi a gindin gawo har la'asar. Ya ce wannan wasan kwaikwayo ne, mutane na jin yunwa ana jayayya kan kaza. Ya ce in babu hoto, da me zai nuna wa shugabanninsa inda kaya suka tafi? Za su ce ya sayar. Na ce masa, "Kai ka zo da mota guda kana so su sunkuyar da kai su karɓa. Su sun zo da zakara ɗaya ka kasa sunkuyar da naka. Dokarku ta hana ka karɓa, tamu ta hana mu. Wani dai sai ya fara." Ya dubi matan da ke bakin titi. Ya tambaye ni ko dole ne sai ya ci. Na ce dole ne.

Daga nan na wuce wurin dagaci. Ban ce masa komai game da hatsi ba, shi ma bai tambaya ba. Na ce baƙo ya gane kuskurensa, ya ce bai san al'ada ba, yana jin kunya. Ya dube ni da idon nan nasa, ya ce, "Baƙo ai makaho ne, ko da idonsa." Ya aika a gaya wa Inna Kande.

Ranar Juma'a da hantsi aka yanka zakaran. Babu tuwo, sai romo kawai a akushi. Inna Kande ta ɗauko da kanta, tana tafiya a hankali, kusan duk ƙauyen na biye da ita. Da ta zo tsallake kwalbati sai ta yi tuntuɓe, na kai hannu zan tare akushin, na tuna maganar Di'o, na janye na riƙe gwiwar hannunta a maimakonsa.

Baturen ya zauna a tabarma, ya wanke hannu kamar yadda na koya masa. Yara sun kewaye shi suna kallon bakinsa. Ban taɓa ganin mutum ya ci nama da wahala irin ta ranar ba. Ya ci tsoka ɗaya, ya ci ta biyu, hawaye na bin fuskarsa. Dagaci bai ɗauke ido daga kansa ba. Da ya ga ya haɗiye, ya ce, "Madalla. Ya isa, a ba yara sauran."

Baturen ya miƙe ya faɗi kalmar da na wuni ina koya masa, ya nuna motar, ya ce wa tsohuwar, "Tukwisi."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, sai kowa ya kama. Inna Kande ta dubi motar daga gaba har baya, ta ce, "Malam, tambaye shi, a garinsu haka ake yi? Tukuici ya fi kyauta?"

Dagaci ya ce, "Yaya, ki karɓa. Yaba kyauta tukuici."

Ita ta raba, da yake nata ne. Ta zauna a kan turmi tana kiran gida-gida, har da Fulanin da ke gefen gari. Ni na koma nesa na zauna a kan babur, hannuna a aljihu. Abin da na yi kawai shi ne na roƙi liman ya sanar a masallaci cewa jar dawar nan ta ci ce, kada kowa ya shuka ta, ba ta san ƙasarmu ba. Aka sauko daga Juma'a, mai gatari ya zo ya ɗauki gatarinsa ya wuce gida.

Ba a daɗe ba ruwan shuka ya sauka. A gabana Baba Haruna ya fasa lakar rumbu, kowa ya karɓi zangarniyarsa. Hatsin gwamnati ya iso bayan gero ya tsiro, ya kuma yi amfani, don shi ya kai su kaka. Baturen ban sake ganinsa ba, ban san yadda ya ƙare da shugabanninsa ba. Di'o na ji an kira shi Kano a kan maganar, bai taɓa gaya mini abin da ya ce musu ba.

Kada ku ɗauka labarin ya ƙare da daɗi ko'ina. Akwai ƙauyuka a yankina da mota ba ta karye a ƙofarsu ba. Sun ci irinsu, wasu magidanta suka tafi cin rani da ba su dawo ba. Har yau in na tuna su sai in rasa wanda zan ba gaskiya. Ƙasar da ta saba miƙa hannu ba ta da bakin magana, wannan Di'o bai yi ƙarya ba. Amma na ga kuma wanda ke biyan kuɗin wannan mutunci, kuma ba mu ba ne masu albashi.

Abin da na ɗauka na riƙe har na yi ritaya shi ne wannan. In kun je ƙauye da taki ko iri ko wani tallafi, daga gwamnati ne ko daga waje, aka kawo muku ruwa a moɗa, ku sha. In aka kawo gyaɗa, ku ɓare ku ci, ko kun ƙoshi. Manomi yana iya karɓar komai daga hannun baƙonsa, amma ba ya son ya karɓa daga hannun wanda ya fi ƙarfin ruwansa. Kuma kada ku raina abin da ya ba ku don ƙanƙantarsa. Na kwana a Tudun Gawo sau da yawa a daminar nan, gero ya yi kyau har ya rufe hanya, amma har aka yi girbi ladan kaɗai ke tada mutane da asuba. Babu zakaran da zai yi cara.